Matacin Akwatin Kifi Yana Yoyo: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu ajiye kifi a akwatin gilashi ne a gida, musamman a Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusiri da Injamena, inda zafi da ƙura suke tsufar da kayan roba da wuri. Da muka ce mataci, muna nufin injin da ke jan ruwan akwati ya tace shi ya mayar, wanda wasu ke kira filta.

Na tashi na tarar da ruwa a ƙarƙashin akwatin kifi. Me zan fara yi?

Wuta tukuna. Lantarkinmu bolt 220 ne, jiƙaƙƙen siminti kuma ba ya wasa. Ka sa takalmin roba, ka busar da hannu, ka cire filogin mataci da na fitila da duk abin da ke haɗe da akwatin. Idan ruwan ya riga ya taɓa soket ɗin, kada ka kai hannu wurin, ka je ka kashe wutar ɗakin daga babban makunni.

Sai ka tsayar da ruwan. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton da an cire filogi yoyon ya tsaya. Idan matacinka irin na tukunya ne da ke zaune a ƙasa cikin kabad, ruwa zai ci gaba da gangarowa ta tiyo ko injin a kashe yake, kamar yadda fetur ke bin tiyo daga tankin mota zuwa jarka da zarar an zuƙo shi. Ka kulle makullan da ke kan tiyo biyun, mai kai ruwa mataci da mai mayar da shi akwati. In babu makulli, ka ɗaga bakunan bututun biyu su fita daga cikin ruwa. Bayan haka ka ɗora matacin cikin baho, ka share ƙasa, ka manna ɗan salatif a jikin gilashi daidai inda ruwa ya tsaya.

Ta yaya zan tabbatar mataci ne, ba gilashin ba?

Salatif ɗin nan shi zai gaya maka. Ka bar matacin a kashe, a kulle, na awa biyu zuwa uku, ka shimfiɗa busasshiyar jarida a gindin akwatin. Idan ruwa ya sauka ƙasa da alama, ko jarida ta jiƙe daga wata kusurwa, matsalar tana ga gilashi ko silikon ɗin da ya haɗa shi. Idan komai ya tsaya cak, mataci ne ko tiyonsa.

Lissafin ruwan da ya ɓata ba shi da wuya. Akwati mai tsawon santimita 100 da faɗin 40, kowace santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 4 ce. Amma ka tuna da bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, buɗaɗɗen akwati yana iya rage kusan rabin santimita a yini ta hanyar tururi kawai, ya ma fi haka idan fanka na kaɗa shi. Ruwan da iska ta sha ba ya jiƙa ƙasa. In ƙasa a bushe take, ba yoyo ba ne, murfi akwatinka ke buƙata.

Na tabbatar mataci ne, amma duk jikinsa a jiƙe yake. Yaya zan gano ainihin wurin?

Ruwa yana gangarowa, don haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ya fito ba. Ka goge matacin da tiyonsa da tsumma har su bushe sarai. Ka yayyaga takarda mai laushi, ka naɗa guntu a kowace mahaɗa: inda tiyo ya shiga bututun cikin akwati, kan makullai, inda tiyo ya shiga kan mataci, da zagayen da murfi ya haɗu da tukunya. Ka kunna, ka zauna da tocila minti goma zuwa sha biyar. Takardar da ta jiƙe mafi sama, can ne ɓarakar take.

Akwai wata alama da ke taimakawa. Yoyon da ya daɗe yana naso yakan bar farin gishiri-gishiri a jikin roba, musamman ga mai amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse. Bi farin layin nan zuwa sama.

Wani lokaci ruwa na fitowa ta gefen maƙallan murfi ko ta inda wayar wuta ta fito, mutum ya ɗauka inji ya lalace. Sau da yawa ba haka ba ne. Ƙananan zobban da ke bakin mahaɗar tiyo ne suka saki, ruwa ya taru a ƙarƙashin rufin kan, ya nemi hanya.

Ruwan yana fitowa daga tsakanin murfi da tukunya. Me ya jawo?

Wannan shi ne yoyon da aka fi samu, kuma kusan kullum babban zoben roba ne. Zoben yana kwance cikin wani kwarmi a zagayen murfi, aikinsa ya matse tsakanin murfi da tukunya. Abubuwa huɗu ke hana shi aiki, kuma uku daga ciki ba sa buƙatar ka kashe ko sefa ɗaya.

Na farko datti. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya a kan zoben ya isa. A lokacin hunturu, idan ka ajiye murfi a ƙasa kana wanke soso, ƙura ta riga ta hau kansa kafin ka gama. Na biyu, zoben ya murɗe ko ya goce daga kwarminsa lokacin rufewa. Na uku, kwandunan ciki ba su zauna daidai ba, ko an cusa soso da auduga fiye da kima, sai murfi ya kasa sauka har ƙasa. Idan ka ji maƙalli ɗaya yana gardama fiye da sauran, kada ka danne shi da ƙarfi, buɗe ka sake jera kwandunan. Na huɗu shi ne tsufa: zoben ya bushe, ya yi tauri, ko ya baje ya daina zama zagayayye.

Ga yadda ake yi. Ka ciro zoben da yatsa ko da gefen tsohon katin roba. Ban da wuƙa, ban da sukundireba, domin ƙarzane ɗaya a cikin kwarmin zai zama yoyon da ba ya warkewa. Ka wanke zoben da ruwa zalla, ba sabulu. Ka goge kwarmin da tsohon buroshin haƙori, ka goge leɓen tukunya. Sai ka riƙe zoben a haske ka ɗan ja shi kaɗan kaɗan, kana zagayawa. Idan ka ga ƙananan tsagu, ko wani gefe ya yi lebur, ko ya bar baƙi a yatsanka, ya gama aiki. Idan lafiyarsa ƙalau, ka shafa masa man silikon siriri, daidai ya yi sheƙi, ka mayar da shi ba tare da murɗewa ba. Ka ɗora murfi a miƙe, ka danna da tafin hannu, ka rufe maƙallai biyu masu fuskantar juna a tare, sannan sauran biyun.

A gwada shi cikin baho na awa ɗaya kafin a mayar da shi kabad.

Ba ni da man silikon. Zan iya sa basilin ko man gyaɗa?

Man gyaɗa da man ja da man shanu, a'a, suna ɓaci kuma ruwa yana ɗauke su zuwa ga kifi. Giris ɗin mota da baƙin mai guba ne. Basilin kuwa ya danganta da irin robar. Akwai robar da ke jure shi, har wasu kamfanoni sun yarda a shafa shi a zobensu, akwai kuma wadda yake kumbura ta ya sa ta saki. In takardar matacinka ba ta ambace shi ba, a bar shi. Man silikon na masu aikin famfo, wanda ake sa wa kan famfon ruwan sha, shi ne ba ya cutar da kowace irin roba da ake sa wa mataci in ban da zoben da shi kansa da silikon aka yi shi. A kantin kayan famfo ka tambayi graisse silicone. Kada a ba ka silikon na gam a madadinsa, suna ne kawai ya haɗa su.

Idan dare ya yi kuma ba ka da komai, jiƙa zoben da ruwa kafin ka rufe. Ya fi a rufe shi a bushe.

Zoben ya mutu. Ina zan samu irinsa a nan?

Na kamfanin ya fi, amma sau da yawa sai an yi saƙonsa daga Duwala ko Yawunde, ko daga Kano, kifi kuma ba zai jira ba. Ka ɗauki tsohon zoben ka tafi da shi wurin masu sayar da kayan injin ban ruwa ko kayan manyan motoci. Da Faransanci joint torique ake ce masa. Awo biyu ake dubawa, faɗin cikin zoben da kaurinsa, duka da milimita. Kaurin ya fi muhimmanci. Rabin milimita ƙasa da na asali zai yi yoyo, rabin milimita sama kuma zai iya karya maƙalli. Ka tuna tsohon zobe ya riga ya miƙe, don haka idan an rasa daidai, wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta a faɗi ya fi wanda ya fi shi girma. In zai yiwu, ka tafi da murfin gaba ɗaya a gwada a gabanka.

Sabon zobe a wanke shi da ruwan ɗumi kafin a sa, saboda maiƙon kanti. Kuma ka sayi biyu. Na ajiya a sa shi cikin leda a ɗaure, a aljihun tebur, nesa da rana.

Yanka robar tayar babur a yi zobe da ita dabara ce da ba ta riƙe ruwa a wannan wuri. A bar ta.

Daga bakin tiyo yake ɗiga. Sai na canza tiyon duka?

Ba dole ba. Bakin tiyo ne ke buɗewa ya yi tauri, sauran jikinsa lafiya lau. Ka yanke santimita 2 daga bakin da reza mai kaifi, yanka a miƙe, ba a karkace ba. Ka tsoma sabon bakin cikin ruwan zafi na minti ɗaya ya yi laushi, ka tura shi har ƙarshen bututun, sannan ka ɗaure goron robar, wato noti mai matse bakin tiyon, da hannu. Da hannu kawai. Filaya tana tsaga goron, tsagar kuma ba ta nunawa sai bayan kwanaki.

Idan za ka sayi sabon tiyo, duba lambar da ke jikin tsohon. Waɗanda aka fi samu su ne 9/12 da 12/16 da 16/22, lamba ta farko faɗin ciki ce, ta biyu faɗin waje, da milimita. Tiyon ban ruwan lambu ko na gas bai dace ba. Wanda ya fi bututu faɗi ko da milimita ɗaya ba zai kama ba, komai ɗaurin da aka yi masa. Inda babu goro, a sa maɗaurin ƙarfe mara tsatsa idan mahaɗar tana waje da ruwa, ko maɗaurin roba guda biyu idan tana ciki.

Tiyo kada ya yi gajarta har ya riƙa jan mahaɗa, kada kuma ya yi tsawon da zai lanƙwashe. Farin zaren famfo da ake naɗawa a kan haƙoran mahaɗa mai murɗawa yana amfani ne inda haƙoran da kansu ke tare ruwa. Mahaɗar da ke da zoben roba a ciki ba ta buƙatarsa, yana ma iya hana ta zama.

Nawa irin wanda ake ratayawa a bayan gilashi ne. Ba shi da tsaga, amma ruwa na bin bayansa.

Wannan yawanci ambaliya ce, ba yoyo ba. Soso ya toshe da datti, ruwa ya rasa hanyar wucewa, ya taru ya tsallake ta baya. Ka ciro soson ka matse shi cikin ruwan da ka ɗiba daga akwati, ka mayar. Ka duba kuma ko akwatin matacin ya kwanta baya. A ƙasansa akwai ɗan madogari da ke tokare gilashi, a gyara shi har matacin ya tsaya a miƙe ko ya ɗan rusuna gaba.

Guntun auduga da ya leƙo ta kan leɓe ma yana jan ruwa kamar lagwanin fitila, ɗigo ɗigo, dare ɗaya ya jiƙa katako. Idan duk wannan babu, ka juya injin da ke ƙasan akwatin matacin ka cire shi. Akwai ƙaramin zobe a wuyansa, a yi masa abin da aka yi wa babban.

Sai an ɗauke wuta nake ganin ruwa a ƙasa. Me ya haɗa su?

Abu biyu ne. Idan kana da injin iska da ke zaune ƙasa da ruwa, da wuta ta tafi ruwa yana iya biyo siririn tiyon iska ya sauko cikin injin, daga nan zuwa ƙasa, kuma ba zai tsaya ba sai ya kai bakin tiyon a cikin akwati. Maganinsa ɗan bawul mai hana ruwa komawa, clapet anti-retour, wanda ake sa wa a tsakiyar tiyon. Ka hura shi da baki kafin ka sa, don ka san ta wane gefe iska ke wucewa. Wanda bai samu ba ya ɗora injin a kan kanta sama da ruwa.

Na biyu ya shafi matacin tukunya. Lokacin da inji ke aiki yana jan ruwa daga cikin tukunya, wannan yana ɗan rage matsin da ke kan zobe. Da ya tsaya, nauyin ruwan da ke cikin tiyo gaba ɗaya ya dawo kan zoben. Zoben da ya fara gajiya a nan yake tona kansa. Don haka mai gwada gyara ya gwada iri biyu, a kunne da a kashe, makullai a buɗe.

Nisan mataci daga akwati yana da tasiri?

Yana da shi. Kowace mita ɗaya tsakanin saman ruwa da mataci tana ƙara matsi kusan kashi ɗaya cikin goma na bar, wato ma'aunin matsi. Kowane kamfani yana rubuta iyakar wannan nisa a takardarsa, a duba. Matacin ya zauna a miƙe a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ba a kwance ba, ba kuma inda rana ke dukansa ta taga ba, domin rana tana sa roba ta yi gautsi.

Tukunyar ce ta tsage. Gam zai riƙe?

Gaskiya, ba kasafai yake daɗewa ba. Silikon yana kama gilashi da kyau, amma a jikin robar mataci ɓarewa yake yi kamar ɓawon albasa. Ƙaramar tsaga da ba ta kai leɓe ba ana iya toshe ta da gam mai haɗi biyu, wato efoksi. A busar da wurin sarai, a goge shi da samfefa ciki da waje, a huda ɗan rami mai milimita 2 a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a shafa gam ɗin ya rufe ramukan, a bar shi awa 24 ko abin da takardarsa ta ce. Bayan haka matacin ya zauna cikin baho har ranar da za a canza shi.

Tsagar da ta kai inda zobe ke zama, ko maƙallin da ya karye, ko tsaga a kan injin kusa da waya, waɗannan ba na gyara ba ne. Na ƙarshen ma haɗari ne ga mai gida, ba ga kifi kaɗai ba. A irin wannan hali, matacin soso mai aiki da injin iska, ko wanda ake nutsarwa cikin ruwa, ya fi sauƙin kuɗi, kuma tunda a cikin akwati suke zaune ba su da inda za su zubar.

Duk silikon da za a sa kusa da kifi a tabbata ba mai maganin fumfuna ba ne, irin na banɗaki. Wannan yana kashe kifi.

Gyaran zai ɗauki kwana biyu. Yaya zan yi da kifin?

Abin da ke tsarkake ruwa ba soson ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikinsa. Su ke mayar da amoniya da kifi ke fitarwa zuwa naitarait, sannan zuwa naitaret mai sauƙin illa. Suna buƙatar danshi da iska. Idan suka mutu, sai an yi makonni kafin su dawo, kuma cikin makonnin nan ne kifi ke mutuwa, bayan an gama murnar gyara.

Don haka ka kwashe soso da duwatsun tangaran daga matacin, ka zuba su cikin bokiti mai ruwan akwati, ka sa dutsen iska a ciki, wato ɗan dutsen da ake sawa a bakin tiyon injin iska yana fitar da kumfa, ko ka saka su cikin raga ka nutsar a akwatin kansa. Kada ka wanke su da ruwan famfo, kulorin ɗin ciki yana kashe ƙwayoyin. Kada ka shanya su.

Ka daina ba kifi abinci kwana ɗaya ko biyu, lafiyayyen babban kifi ba ya komai da wannan. Ka canza kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan kowace rana. Ka kula da iska sosai, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta da yawa: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne. Idan ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, ka ɗebi ruwa da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama na 'yan mintoci. Tarwaɗa tana da juriya saboda tana shaƙar iska daga sama, amma ƙarfasa da jan kifin ado ba su kai ta ba.

Matacin tukunya da ya kwana a rufe ba wuta, kada a kunna shi haka nan. Ruwan cikinsa ya rasa iska. A buɗe, a zubar, a ɗauraye kayan da ruwan akwati. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗaurayar ta zama sau biyu ko uku.

Rabin ruwan ya zube. In cika shi nan take?

A hankali. Ruwan famfo a sa masa maganin kashe kulorin, ko a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti awa 24. A taɓa a ji zafinsa ya yi kusa da na akwati. Ruwan tankin da ke kan rufi da tsakar ranar Afrilu yana iya ƙona hannu, na randa kuma ya fi na akwati sanyi. A zuba kashi uku ko huɗu, da tazarar rabin awa, a kan faranti don kada ya tono yashi.

Me zan yi don kada akwatin ya tsiyaye duka ranar da ba na gida?

Ka huda rami mai milimita 2 zuwa 3 a jikin bututun da ke shan ruwa, santimita 3 ƙasa da inda ruwa ke tsayawa. Idan yoyo ya faru, da ruwa ya sauka zuwa ramin iska za ta shiga ta katse zuƙon. A akwatin nan mai 100 da 40, asarar ta tsaya a wajen lita 12 maimakon ta kai har gindin bututu. Bututun da ke mayar da ruwa ma bakinsa ya zauna kusa da sama, ko a yi masa irin ramin. Sharaɗin shi ne ka riƙa cika ruwa a kan kari lokacin zafi, in ba haka ba ramin zai fito fili inji ya riƙa shan iska yana ƙara. Ka riƙa zura masa tsinke duk mako, gansakuka tana toshe shi.

Soket ya bar ƙasa ya hau bango, kowace waya kuma ta ɗan yi lilo ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Kada ka wanke mataci a daren da za ka yi tafiya, domin yawancin yoyo a awannin farko bayan an buɗe an rufe yake bayyana. A yi wankin kwana uku kafin tafiya, a nuna wa wanda zai kula da gida inda makullan tiyo suke da filogin da zai fara cirewa.